Haƙƙin Da Ke Kan Wanda Ya San Hanya

Duk shekara cikin watan Yuli ake fitar da sakamakon jarrabawar bak a ƙasar Kwaddebuwa, wato jarrabawar kammala lise. Maki 400 ne gaba ɗaya, wanda ya sami 200 ya haye. A 2023 da 2024 wajen mutum ɗaya cikin uku ne na waɗanda suka zauna suka ci. Saboda haka idan ka ji guɗa ta tashi a wani gida a Ajame ko a Tireshbil, wato Treichville, ba a banza ta tashi ba. Sai dai ga yaron da ke hangen manyan makarantun da sai an tace ɗalibi kafin a ɗauke shi, cin bak ya kai shi bakin ƙofa ne kurum. Ƙofar ƙunƙunta ce, kuma akwai yaran da aka fara nuna musu inda take tun suna 'yan shekara goma sha biyu.

Aikina gabatar da shiri ne a rediyo da harshen Hausa a nan Abijan, kuma idan lokacin sakamako ya zo wayar iyaye ba ta yankewa. Yawancinsu tambaya ɗaya suke yi: yaro ya ci, yanzu sai ina? Abin da ke damuna shi ne, amsar da ta fi amfani ta wuce da shekara uku ko huɗu. Wannan ne ya sa nake son mu yi nazarin wata tambaya da ta fi ta sakamako nauyi. Idan an ce gasa ce da ke auna cancanta, shin daidai ne a ware wasu yara a shirya su? Idan daidai ne, wane irin taimako ne halal, kuma a wuyan wa yake?

Bari in fara bayyana tsarin, domin mai karatu na Kano ko Zariya da ya saba da JAMB. Yaro yana yin shekara shida a firamare, sai shekara huɗu a kwaleji, ya rubuta jarrabawar BEPC. Daga nan hukuma ke duba makinsa da zaɓinsa ta tura shi ajin farko na lise, ko ɓangaren A na adabi da harsuna, ko ɓangaren C na kimiyya. Gaba kaɗan ɓangaren kimiyya ya sake rabuwa, C mai nauyin lissafi da fiziks, D mai nauyin ilmin halittu. Bayan shekara uku sai bak. A sama akwai makarantun da kowa ke kwaɗayi. Akwai INP-HB ta Yamusukuro, wadda aka kafa a 1996 da haɗe manyan makarantu huɗu, inda ake horar da injiniyoyi, da yawansu bayan shekara biyu ta share fage. Akwai ENSEA a Kokodi, makarantar ƙididdiga da tattalin arziki da ta faro tun 1961, wadda ɗalibai ke zuwa daga ƙasashen Afirka da dama. Masu neman likitanci kuwa a baya an daɗe ana tace su a shekarar farko a Jami'ar Nangui Abrogoua, wadda ke tsakanin Abobo da Ajame. A gasar shiga INP-HB ana duba makin shekarun lise, ba na bak kaɗai ba. Ma'ana, yaron da ya yi wasa da lissafi yana ɗan shekara goma sha biyar, ko aka tura shi ɓangaren A ba tare da wani a gida ya san bambancin ba, ya rufe wa kansa ƙofar injiniyanci tun bai san da ita ba.

Yanzu mu dubi inda muke zaune. Tun da aka haƙa mashigin Vridi a 1950 aka buɗe tashar jiragen ruwa a 1951, Tireshbil ta zama matattarar masu neman abinci daga kowace kusurwa ta Afirka ta Yamma. Ajame kuwa ita ce cikin birnin, kasuwa da tashar mota, inda gbaka ke zubar da mutane tun asuba. Mutanenmu suna cikin wannan hada-hada: masu albasar Galmi, masu goro, masu gyaran waya, mahauta, masu takalma. Abincin da ya fi kowane shahara a bakin ɗaliban Abijan, aceke da soyayyen kifin tuna, sunansa garba, domin Hausawan Nijar ne suka shahara da sayar da shi. Daga Ajame zuwa Kokodi, inda Lycée Classique da Lycée Technique da Sainte-Marie da ENSEA da Jami'ar Félix Houphouët-Boigny suke, tafiyar 'yan mintuna ce idan babu cunkoso. Amma a iya abin da nake gani, mun fi yawa a bakin ƙofar waɗannan makarantu muna sayar wa ɗalibai abinci, fiye da yadda 'ya'yanmu suke a cikin azuzuwansu. Sana'ar garba ba abin kunya ba ce, ta gina gidaje a Tawa da Maraɗi. Abin tambaya shi ne ko ɗan mai garba ya zaɓi ya gaji ubansa ne, ko kuwa ba a taɓa gaya masa akwai wata hanya ba.

Akwai masu cewa shirya yaro na musamman shi ne yake ɓata gasar. Hujjarsu tana da ƙarfi. Mai hali yana ɗaukar malamin da zai riƙa zuwa gida, wanda a nan ake kira maître de maison, ya biya kuɗin darussan ƙari da ake kira ranfo, ya sayi littattafan tsofaffin tambayoyi, ya ba yaro ɗaki da fitila. Ɗan mai tura baro yana karatu ne a tsakar gidan haya mai iyali goma, bayan ya taimaka an kwashe kaya. Ranar gasa a zaunar da su a benci ɗaya a ce an yi adalci. Masu wannan ra'ayi suna cewa duk wanda ya shiga shirya yara, ko da kyauta ne, ya ƙara wa wutar itace.

Na yarda da rabin maganar. Amma an gwada hanawa an gani. A 1980 gwamnatin Koriya ta Kudu ta haramta darussan ƙari na kuɗi baki ɗaya. Abin da ya biyo baya shi ne masu hali suka ci gaba a ɓoye, kuɗin ya ƙara tsada saboda haɗarin kamu, har a 2000 kotun tsarin mulki ta soke haramcin. Uba ba zai daina taimakon ɗansa ba, kuma babu mai hankalin da zai zarge shi. Ko an kori duk malaman gida, ɗan likita zai ci gaba da jin Faransanci a wurin cin abinci, yana jin sunayen makarantu da ranakun gasa kamar yadda ɗan ɗan kasuwa ke jin farashin buhu. Idan mu muka janye hannu da sunan tsarkake gasa, waɗanda suka riga suka yi gaba ba za su tsaya jiranmu ba.

To ina mafita? A ganina babban abin da ke raba yaran nan, kafin kuɗi, shi ne sani. Hausawa sun ce da rashin tayi akan bar arha. Ko a Amurka, wani bincike da Caroline Hoxby da Christopher Avery suka yi wajen 2012 ya nuna cewa mafi yawan haziƙan ɗalibai 'ya'yan talakawa ba sa ma neman shiga manyan jami'o'in da ake tacewa, alhali makinsu ya kai, kuma da yawa daga jami'o'in za su ɗauke musu kuɗin karatu. Ba a kayar da su ba, ba su je filin ba. A Faransa ma, makarantar Sciences Po ta Paris ta gane haka, shi ya sa a 2001 ta ƙulla yarjejeniya da wasu lise na unguwannin talakawa, ta je neman ɗalibai a can maimakon ta jira su zo. Irin wannan rashin sanin yana nan a unguwanninmu, kuma ya fi na can duhu, domin a gidaje da yawa babu mai karanta takardar da makaranta ta aiko da ita.

Ga misalin abubuwan da ba a saye da kuɗi. A gaya wa uba cewa ajin ƙarshe na kwaleji ne mararraba, ya je ya ga malamin lissafi tun farkon shekara. A gaya wa yaro cewa akwai lise na haziƙai irin su Lycée Scientifique ta Yamusukuro, wadda aka buɗe a 1975, da Mamie Faitai ta Bingerville ta 'yan mata, kuma da maki ake shigarsu. A gaya masa cewa makin kowane zango yana shiga fayil ɗinsa. A gaya masa rajistar gasa ta intanet ake yi, kuma kwanakinta ƙidayayyu ne, wanda ya tafi hutu gida Nijar washegarin sakamako zai dawo ya tarar an rufe.

Sai maganar takardu, wadda ta fi shafar mu. Haihuwa a Kwaddebuwa ba ta mai da yaro ɗan ƙasa, jini ake bi, kuma tun 1972 aka rufe hanyar da 'ya'yan baƙi da aka haifa a nan ke bi cikin sauƙi su zama 'yan ƙasa. Saboda haka dole iyali su san da wace takarda ɗansu zai nemi makaranta, domin sharuɗɗan ɗan ƙasa da na baƙo sukan bambanta. Nijar tana cikin ƙungiyar UEMOA ta ƙasashe masu kuɗin sefa, wadda ta amince tun 2005 a riƙa daidaita ɗaliban ƙasashenta a jami'o'in gwamnati. Najeriya ba ta ciki. Yaron da ba a yi masa takardar haihuwa a kan lokaci ba sai an bi ta kotu, kuma kotu ba ta gaggawa don ranar gasa ta matso. Duk wannan bayanin zama ɗaya ya ishe shi, amma rashinsa ya kan cinye shekara goma sha uku ta karatu.

A nan ne nake ganin haƙƙi ya hau kan wanda ya san hanya. Idan matafiyi ya tambaye ka rijiya kana sane da inda take ka yi shiru, ba ka ƙwace masa komai ba, amma babu wanda zai ce ka fita haƙƙinsa. Nuna hanya ba ya rage maka komai, shi kuwa rayuwarsa ce. Shi ya sa ba na kallon wannan aiki a matsayin alfarma da injiniya ko likita ko malami ɗan unguwa zai yi idan ya ga dama. Duk wanda ya haye, wani ne ya taɓa gaya masa abin da bai sani ba, kuma wannan bashi ba a mayar da shi ga wanda ya bayar, na baya ake biya. Makarantun nan da kuɗin jama'a aka gina su, da harajin koko da na kayan da ake saukewa a tashar jiragen ruwa, har da tikitin da mai tebur ke biya kullum a kasuwa. Wanda ya yi karatu a cikinsu ya ci daga aljihun mai garba, ko ya sani ko bai sani ba.

Amma taimako yana da iyaka, kuma a nan ne mutanen kirki suke zamewa. Wata rana wani dattijo ya kira shirin, muryarsa a raunane, ya ce: "'Yata ta wuce shekarun gasa da watanni kaɗan, an ce akwai mai gyara takarda. Don Allah ku gaya mini, zunubi ne?" Ba mugu ba ne, uba ne da ya ga ƙoƙarin 'yarsa. Abin ya zama ruwan dare har yana da suna a bakin 'yan gari, ana cewa an yi René Caillié, wato an sake haihuwar mutum a takarda. Tambayoyin jarrabawa da aka sato kuwa ana ce musu pétrole. A Najeriya akwai cibiyoyin da aka sani da yin irin wannan aiki. A Amurka, a 2019 aka bankaɗo attajirai da taurarin fim da suka biya aka gyara wa 'ya'yansu amsoshi ko aka yi musu ƙaryar cewa 'yan wasa ne, wasu har suka yi zaman kaso. Kowannensu zai ce son ɗansa ne ya sa shi.

Ma'aunin da nake amfani da shi mai sauƙi ne. A tambaya: idan ƙofar ba ta buɗe ba, me zai rage a hannun yaron? Wanda aka zauna da shi wata shida ana warware lissafi, ko bai shiga INP-HB ba, lissafin yana kansa, zai amfane shi a jami'a ko a shago. Wanda aka saya wa amsa, idan bai shiga ba babu abin da ya rage masa, idan ya shiga kuma zai zauna a ajin da ya fi ƙarfinsa yana fargaba. Taimako na farko ya ƙara wa yaron iyawa, na biyu ya sa masa rigar iyawa ne kurum. Sannan akwai wanda aka zalunta da ba a ganin fuskarsa, yaron da ya zo na gaba a jeri, wataƙila ɗan wani manomi daga Korhogo ko Man. Ƙari a kan haka, ramin ƙarya ƙurarre ne. Takardar da aka gyara tana bin mutum har ranar ritaya, kuma a ƙasar da maganar wane ne ɗan ƙasa ta taɓa jawo zubar da jini, takardar bogi a hannun ɗan baƙo tana shafar sunan al'umma gaba ɗaya. Abin da na gaya wa dattijon shi ne: "Baba, a bar takardarta yadda take, akwai ƙofofin da ba su da wannan sharaɗi, mu neme su tare."

Wani zai ce, to ai ko shirin gaskiya ma haka yake, kujerun ƙidayayyu ne, duk yaron da kuka tura ciki wani ya fita. Gaskiya ne, kuma bai kamata mu ɓoye ba. Bambancin shi ne wanda ya fita an fi shi ne a kan abin da aka ce za a auna. Ƙasa kuma ta ci riba, domin gadar da za a gina ko asibitin da za a riƙe ya sami wanda ya fi iyawa daga cikin taro mai faɗi. Gasar da rabin haziƙan gari ba su zo ba, sakamakonta bai faɗi gaskiya ba ko da ba a yi maguɗi ba.

Saura tambaya mafi zafi a tarukan ƙungiyoyinmu: kuɗin asusu kaɗan ne, wa za a ba? Wasu sukan ce a raba daidai ga kowane gida, wasu su ce a tattara a kan haziƙai biyu ko uku. Ni ra'ayina a raba abin gida biyu. Bayani da zaman bita na ranar hutu a buɗe su ga kowa, ɗan Bahaushe da ɗan Bajula da ɗan Bamoshe da ɗan Baule, duk wanda ya shigo, domin alli da allo ba sa ƙarewa don an ƙara mutum ɗaya. Kuɗi kuwa, na rajista da na mota zuwa Yamusukuro da na littafi, a ba wanda makinsa ya nuna ƙoƙari kuma gidansu ba zai iya ba. A rubuta sharaɗin tun kafin a san sunayen yaran. Ranar da aka fifita ɗan wanda ya fi zuba kuɗi a asusu, mun gina irin katangar da muke kuka da ita. Kuma a sa ido a kan 'yan mata da yaran da suka fito daga makarantun Islamiyya da gwamnati ta shigar cikin tsarinta. Tun 2015 doka ta wajabta karatu daga shekara shida zuwa goma sha shida, amma daidai inda dokar ta tsaya nan ne ake fara maganar aure ko ta shago, nan ne kuma lise ke farawa.

Kada kuma mai taimako ya raina uban yaro. Idan Alhaji ya ce yana bukatar ɗansa a rumfa, ba jahilci ne ke magana ba, lissafi ne. Awa uku da yaro zai yi a wurin bita, awa uku ce da wani zai tsaya a madadinsa, kuma Alhaji ya ga masu digiri suna zaune babu aiki. A je masa da ladabi da lissafi: "Alhaji, ga makin yaron nan, ga makarantar, ga shekarun, ga abin da za a kashe. A ara mana shi yamma uku a mako." Amincewar da aka samu ta haka ta fi dorewa a kan wadda aka samu da kunyatarwa a gaban taro.

Haƙƙi na ƙarshe shi ne gaskiya ga yaron kansa. Mafi yawan waɗanda za mu shirya ba za su shiga makarantar da suka fi so ba, lissafin kujeru ne ya ce haka. Wanda ya cika wa yaro kunne da cewa ko Yamusukuro ko asara, ya ɗora masa kayan da zai iya karya shi. Tun ranar farko a nuna masa hanya ta biyu da ta uku, jami'ar gwamnati, karatun BTS na shekara biyu, makarantun koyon sana'a, ko jami'o'in Yamai da Kano idan takardunsa na can ne. A kuma nuna masa da hali cewa darajarsa a wurinmu ba ta rataye da jerin sunaye ba. Malamin da ya daina ɗaga wayar yaro bayan ya faɗi, ashe dama sunan kansa yake nema.

Saboda haka kirana ga 'yan uwa da suka haye ne, injiniyan da ke aiki a Plateau, likitar da ke asibitin koyarwa na Tireshbil, malamin lise, akawun tashar jiragen ruwa. Makarantu suna komawa cikin Satumba. Kowa ya nemi yaro ɗaya a layinsu da ke ajin ƙarshe na kwaleji, ya karɓi takardar makinsa ya duba, ya tambayi ina takardar haihuwarsa take, ya zauna da iyayensa ya bayyana musu bambancin A da C da harshen da suke ji. Wannan bai fi yamma ɗaya ba, kuma shi ne lokacin da amsar ke da amfani. Allah ya yi wa zuri'armu albarka, ya ba mu ikon sauke abin da ke wuyanmu.